Google ya shigo kasuwar tura kuɗi: me zai taɓa ɗan kasuwar Daura?

A ranar Lahadi 29 ga Janairun 2023, Gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya zo Daura ya gana da Shugaba Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa, kuma daga nan aka sanar da ƙara wa'adin karɓar tsofaffin takardun naira 200 da 500 da 1,000 zuwa 10 ga Fabrairu. Ƙarin kwana goman bai sa kuɗi sun dawo hannun mutane ba. Har zuwa 3 ga Maris, ranar da Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun, mai kuɗi a banki da marar ko sisi duk layi ɗaya suke bi. A waɗannan makonni ne mai nama da mai hatsi da ɗan acaɓa suka koyi cewa "turo ta waya", suka koyi jiran alat kafin su miƙa kaya. Manhajojin manyan bankuna sun yi ta sarƙewa saboda cunkoso, sai kamfanoni irin su Opay da PalmPay da Moniepoint suka kwashi jama'a. Takardun kuɗi sun dawo daga baya, amma ɗabi'ar ta zauna.

Cikin wannan kasuwa ce Google, kamfanin da duniya ta sani da binciken intanet, ya sa ƙafa. A watan Oktoban 2024 Moniepoint ya tara jarin dala miliyan 110, kuma asusun Google na zuba jari a Afirka yana cikin waɗanda suka sa kuɗi. Wasu sun yi murna, suna ganin shigowar babba irin wannan zai zafafa gasa har caji ya sauka. Wasu kuma sun tsorata cewa zai haɗiye kowa. Ina ganin dukkansu sun kalli girman kamfanin ne suka bar abin da ya fi muhimmanci. Abin da ke sa gasa ta amfani talaka shi ne hanyar da kuɗi ke bi ta zama ta kowa, sannan mutum ya iya barin kamfanin da ya ɓata masa rai ya koma wani ba tare da ya yi asara ba.

Tarihin Google kansa ya nuna haka. A watan Yunin 2006 ya fito da Google Checkout, tsarin biyan kuɗi ta intanet, a Amurka domin ya kara da takwaransa PayPal, wanda eBay ya saya tun 2002. Ya zo da ƙarfinsa: duk ɗan kasuwar da ya kashe dala ɗaya a tallan Google, za a karɓar masa cinikin dala goma ba caji. To amma a lokacin eBay ne babbar kasuwar da ƙananan 'yan kasuwa ke baje kolinsu a intanet, sai kawai ya hana a yi amfani da Checkout a shafinsa. Duk kuɗin Google da sunansa ba su buɗe wannan ƙofa ba, kuma a 2013 aka rufe Checkout. A Indiya labarin ya sha bamban. A 2016 aka kafa UPI, hanya guda da kowane banki da kowace manhaja za su iya hawa. Google ya shigo a 2017 da manhajar Tez, wadda ta koma Google Pay, yana raba wa mutane 'yan kuɗaɗe don su gwada. Babu mai ikon rufe masa ƙofa, don haka ya yi nasara. Sai dai nasarar ta zo da tata matsalar: Google Pay da wata manhajar mai suna PhonePe sun kwashe fiye da kashi 80 cikin 100 na hada-hadar UPI. Hukumar da ke kula da hanyar ta yanke a 2020 cewa kada manhaja ɗaya ta wuce kashi 30, amma ta yi ta ɗage aiwatar da dokar saboda jama'a sun riga sun dogara da kamfanonin biyu.

Najeriya ta fi kama da Indiya. Tun 2011 NIBSS, cibiyar da bankuna da Babban Banki suka mallaka tare, ta kafa tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankuna. Shi ya sa mai asusun Opay a Sandamu zai tura wa mai asusun banki a Kano kuɗin taki su shiga cikin ɗan lokaci. Ba domin wannan hanya ta bai ɗaya ba, da sababbin kamfanonin ba su sami gindin zama ba, domin ba wanda zai buɗe asusun da ba zai iya karɓar kuɗi daga ɗansa da ke Legas ba. Tun da hanyar a buɗe take, kokawar ta koma kan wanda zai fara isa ga mutum. Kowanne daga cikin manyan kuwa da wata ƙofa ya shigo. Opay, wanda ya fara a 2018, ya fito ne daga gidan Opera, masu manhajar Opera Mini da matasa da yawa suka fara shiga intanet da ita. PalmPay, wanda ya biyo baya a 2019, yana da goyon bayan Transsion, masu wayoyin Tecno da Itel da Infinix. MTN da Airtel sun sami lasisin bankin biyan kuɗi a 2022, su kuma layin waya suke riƙe da shi. Moniepoint ya bi ta na'urar POS da ke kan teburin mai shago. Google kuwa shi ne mai Android, wadda galibin waɗannan wayoyi ke aiki da ita, ga shi yanzu da hannun jari a masu na'urar.

Za a ce hannun jarin nan kaɗan ne, Google bai sayi Moniepoint ba. Gaskiya ne, kuma bai kamata a zuzuta abin ba. Amma a tambayi me kamfanin da ribarsa ke fitowa daga talla yake nema a harkar da cajinta bai taka kara ya karya ba. A kara, dillalin da ya san wa ke da shanu, wa ke neman saya, da nawa ke aljihun kowa, ya fi mai saya da mai sayarwa ƙarfi ko da la'adarsa kaɗan ce. Na'urar da ke karɓar cinikin shago kullum ta san ranar da kasuwa ta ci da ranar da ta faɗi, kuma da wannan sani ake yanke wanda za a ba bashi da sharaɗin da za a ba shi. Wannan na iya zama alheri ga ɗan kasuwar da banki bai taɓa kallo ba don ba shi da takardar gida. Sai dai idan tarihin cinikinsa na shekaru yana kulle a hannun kamfani ɗaya, barin kamfanin ya zama fara rayuwa daga farko, kuma nan ne gasa ke mutuwa ko da kamfanoni goma ne a gari. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ta ba mutum damar neman bayanansa ya kai wani wuri. Mutum nawa ne a Baure ko Zango suka san da wannan haƙƙi, kuma da wane harshe aka yi musu bayaninsa?

Wasu za su ce mafita ita ce a taka wa kamfanonin da jarinsu na waje ne birki, a bar wa bankunan gida fili. Ban yarda ba. Bankunan sun yi shekaru da dama da filin a hannunsu, rassansu suka tsaya a manyan garuruwa, mutumin ƙauye ya ci gaba da biyan kuɗin mota don ya ciro nasa. Yaron da ke zaune ƙarƙashin lema da na'urar POS ne ya kai banki ƙauye, kuma gasa ce ta kai shi. Haka kuma hukunci na gaba ɗaya yana da tsada. A watan Afrilun 2024 Babban Banki ya hana Opay da PalmPay da Moniepoint da Kuda buɗe sababbin asusai har zuwa Yuni, bisa dalilin tantance masu asusu. Tantancewar wajibi ce, domin 'yan damfara da masu alat na bogi suna cutar da mutane. Amma wanda ya jira a waɗannan makonni shi ne wanda ba shi da wani banki kusa. Aikin da ya fi dacewa da hukuma shi ne ta tsare hanyar NIBSS a buɗe ga kowa bisa sharaɗi ɗaya, ta tilasta a mayar da kuɗin da aka cire ba su isa ba cikin ƙayyadadden lokaci, ta kuma sa ido kan duk ƙa'idar da za ta ɗaure mai POS ko mai shago ga kamfani ɗaya har ya kasa fita.

Masarautar Daura tana da wurin da za a ga bambancin da ido. Kasuwar Mai'adua tana cika da fatake daga Jamhuriyar Nijar, dabbobi su shigo, kaya su fita ta Kongolam. A wannan gefen iyaka, kamfanoni suna rige-rigen tura naira cikin daƙiƙoƙi a kan ɗan caji. Da zarar cinikin ya haɗa naira da sefa, sai a koma ga ɗan canji da damin takardu, da haɗarin da ke tattare da ɗaukarsu a hanya. Wayoyin iri ɗaya ne a ɓangarorin biyu, mutanen ma dangin juna ne, amma hanyar bai ɗaya da kowane kamfani zai hau ba ta kai ga bafatake ba tukuna. An ƙaddamar da tsarin PAPSS a Accra a watan Janairun 2022 domin ƙasashen Afirka su riƙa biyan juna da kuɗaɗensu, kuma ranar da mai raguna daga Damagaram zai karɓi kuɗinsa ta irin wannan hanya a Mai'adua, kamfanonin za su zo da kansu su yi takara a kansa.