Ƙudan Zuman Da Ba Ya Shiga Amya

Duk wanda ya zaga gonakin da ke bayan Chaza, a ƙasar Suleja, da damina, zai iya cin karo da ganye mai laushi an yanke gefensa zagaye, sumul, kamar da almakashi. Manomi ya gani sai ya ce fara ce ko tsutsa, ya garzaya neman magani. Alhali kuwa mai wannan aika-aika wani ɗan ƙudan zuma ne, wanda masana ke kira Megachile, watau mai yankan ganye.

Akwai ƙudan zuma wajen iri 20,000 a duniya, galibinsu kuwa ba su zama cikin taro. Wannan ma haka yake. Ba shi da sarauniya, ba ya yin saƙa, ba ya tara zuma, kuma da wuya ya harbi mutum.

Macen ce ke yin aikin duka ita kaɗai. Takan nemi rami a busasshen itace, ko gora, ko tsohon bangon ƙasa. Sa'an nan ta yanko ganye da muƙamuƙinta, ta naɗe shi tsakanin ƙafafunta, ta kai. Dogayen yanka su ne bangon ɗaki, zagayayyun kuwa murfi. A garin da Ladi Kwali ta yi suna wajen ginin tukwane, ai wannan maginiya ma ta cancanci a dube ta. In ɗaki ya ginu, sai ta yi ta jigilar garin fure a gashin da ke ƙarƙashin cikinta, ta kwaɓa da ruwan fure mai zaƙi, ta saka ƙwai guda a kai, ta rufe, ta soma wani ɗakin a bakin na farko, har ramin ya cika.

Abin mamaki, ƙwayayen da za su zama mata takan sa su can ƙurya, na maza kuwa kusa da ƙofa, domin su ne ke fara fita. Ƙwai ya ƙyanƙyashe tsutsa, ta cinye guzurinta, ta saƙa wa kanta kwanso, ta kwanta har ta yi fiffike. Uwar dai makonni kaɗan take yi a duniya, ba ta ganin 'ya'yanta. Tana kuma da ɓarauniya, wata mai suna Coelioxys, wadda kan faki idonta ta saka nata ƙwai a ɗakin.

To, ina ruwan manomi? Wake yakan yi 'ya'ya da kansa, amma ziyarar irin waɗannan ƙwari ga fure tana ƙara albarka. A Amurka da Kanada har kiwon wata 'yar'uwarta ake yi saboda gonakin irin ciyawar dabbobi. Ɗan ganyen da take yanka ba ya kashe shuka. Feshin safe ne ke kashe ta, domin furen wake da sassafe yake buɗewa, kafin azahar ya rufe. Wanda feshi ya zame wa dole, gara ya jira la'asar sakaliya.