In kwamfuta ta ƙi tashi bayan an girka mata tsari na biyu: bayani ga masu bincike a ƙasar Kurfai

Tun da kamfanin Microsoft ya daina tallafin yau da kullum ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, ɗalibanmu da dama suka koma girka Linux kusa da Windows a tsofaffin kwamfutocinsu. Wani lokaci aikin yakan ƙare da baƙar fuska, ko da kalmomin grub rescue. A Yamai ana samun mai gyara. A Filinge kuwa, kilomita kusan 180 daga babban birni, inda faifan yake ɗauke da muryoyin Kurhwayanci da aka naɗa, kuma rashin tsaro a jihar Tilaberi ya sa komawa ƙauyuka ba sauƙi, kuskure ɗaya na iya cinye aikin shekara.

Abin da ya tsaya shi ne ɗan shirin da Faransanci ke kira chargeur d'amorçage, mu kuma za mu kira shi jagoran tashi. Aikinsa kawai ya nemo tsarin aiki ya miƙa masa na'ura. Shirunsa ba ya nufin bayanai sun ɓace. Don haka muna ganin sake girkawa cikin gaggawa shi ne mafi haɗari, domin a nan ne ake share faifai. A fara tada na'ura da kile USB mai ɗauke da Linux, a kwashe muryoyi da rubuce-rubuce zuwa wani faifai. In an kulle ɓangaren Windows da BitLocker, sai da mabuɗinsa mai lambobi 48.

Sanadin da muka fi gani shi ne saɓanin hanya. Na'urori na tashi ko dai ta tsohuwar hanyar BIOS, inda jagoran ke zaune cikin bayit 512 na farkon faifai, ko ta UEFI, inda yake cikin wani ƙaramin ɓangare mai tsarin FAT32. In Windows ya bi UEFI aka girka Linux ta BIOS, jagoran ɗaya ba zai tada ɗayan ba. A Linux, samun /sys/firmware/efi shaida ce cewa ta UEFI aka tashi. Maganin shi ne a sake sa GRUB ta hanyar da Windows ya bi. In GRUB ya fito amma babu Windows a jeri, a tuna cewa tun fitowar 2.06 a 2021 ba ya neman sauran tsaruka da kansa; sai an rubuta GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false cikin /etc/default/grub, sannan update-grub.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu musamman, wanda littattafan Ingilishi ba su damu da shi ba. A matakin grub rescue, umarni kaɗan ke aiki: ls don ganin ɓangarori, set prefix don nuna inda fayilolin GRUB suke, sai insmod normal da normal. Amma GRUB yana karanta maɓallai bisa jerin QWERTY na Amurka, alhali galibin na'urorin Nijar AZERTY ne. Mai danna A zai ga q ta fito. Harafin m yana kan maɓallin waƙafi, a yana kan Q, bakan buɗewa da na rufewa suna kan 9 da 0 tare da maɓallin manyan haruffa. Ɗalibi sai ya zaci na'ura ba ta jin umarni, alhali rubutun ne ya karkace. Ga masanin harshe wannan ba baƙon abu ba ne: alama ɗaya, ƙa'idoji biyu.

Saura ɗan batir CR2032 na cikin na'ura. In ya mutu, agogo yakan koma baya, wasu na'urori kuma su manta jerin tashi. Kayan gyara irin su Boot-Repair sukan bukaci intanet, shi ya sa muke ba da shawara a shirya kile, a gwada shi, a rubuta mabuɗin BitLocker a takarda tun kafin a bar Yamai.