Kunne ya girmi kaka: yadda ake zaɓen na'urar saurare

Duk wanda ya ratsa babbar kasuwar Yamai, ko tashar mota ta Maraɗi ko ta Damagaram, zai ga matasa da ma'aikata da ɗan abu liƙe a kunne, wasu da igiya, wasu babu. Wannan shi ne abin da masu jin faransanci ke kira ekuter, watau na'urar saurare ta kunne. Da yawa suna sayenta ne don launi ko don araha, sai daga baya su tarar ba ta dace da buƙatarsu ba. Wasu kuma suna ɓata jinsu da ita ba su sani ba. Saboda haka ya kyautu a yi bayani.

Asalinta

Cikin shekara ta 1910 wani Ba'amurke, Nathaniel Baldwin, ya ƙera ta a ɗakin girkin gidansa, sojojin ruwa na Amurka suka saya don sauraren saƙonnin rediyo. A 1958 John Koss ya fitar da wadda aka yi musamman domin jin kiɗa, mai raba sauti tsakanin kunnen dama da na hagu. A 1968 kamfanin Sennheiser na Jamus ya kawo mai buɗaɗɗen baya. Amma ba ta zama kayan kowa ba sai a 1979, sa'ad da kamfanin Sony na Japan ya fitar da ƴar rakodar kaset ta aljihu mai suna Walkman. Marasa igiya kuwa sun bazu ƙwarai tun daga 2016, shekarar da Apple ya fitar da AirPods.

Sauti kashi uku ne

Kunnen yaro mai lafiya yana jin sauti daga girgiza 20 zuwa 20.000 cikin daƙiƙa guda. Masana sun kasa wannan fage kashi uku. Akwai sauti mai kauri, irin na tambari da ganga. Akwai matsakaici, inda muryar ɗan Adam take. Akwai kuma siriri, irin ƙarar ceba da kan muryar sarewa. Kowace na'ura tana da kashin da ta fi fitarwa, kuma a nan ne zaɓe yake.

Mai son kiɗan ganguna, ko tende na Abzinawa, ko kiɗan rawa na zamani, yana buƙatar wadda ke fitar da kauri. A nan mai rufaffen baya ta fi, domin iska ba ta tserewa, sai dukan fata ya cika kunne.

Mai sauraren waƙar baka kuwa, irin ta Mamman Shata ko ta Ɗan Maraya Jos, buƙatarsa dabam ce. A waƙar Hausa magana ita ce gaba, kiɗa yana rakiya ne. Kalangu ma kansa magana yake yi, da hawa da saukar murya. In na'ura ta cika kauri, sai ta danne muryar mawaƙi da ta ƴan amshi, kalmomi su dushe. Wannan mutum sai ya nemi wadda ke fitar da matsakaicin sauti sarai. Haka yake ga mai bin labarun Muryar Sahel, da mai koyon wani harshe, da ma'aikacin da ke bin taro ta wayar salula.

Kayan tsirkiya, kamar goge da molo da gurmi, da biram ɗin marigayi Malam Mamman Barka, da gitar Bombino na Agadas, sun fi daɗi a na'ura mai buɗaɗɗen baya, domin sautinta yana da sarari, kamar makaɗin yana zaune a tsakar gida. Sai dai tana da aibi biyu: hayaniyar waje tana shiga, kuma na kusa yana jin abin da ake saurare. Ta dace da ɗaki, ba ta dace da biro ko mota ba.

Wuri da aiki

Babba mai rufe kunne duka ta fi sauti mai kyau, amma cikin zafin watan Afrilu tana sa gumi. Ƙarama mai shiga ramin kunne ba ta da nauyi, tana kuma toshe hayaniya, in dai robar bakinta ta yi daidai da kunnen. In robar ta yi ƙanƙanta, kaurin sauti ya ɓace ke nan, ko da na'urar mai tsada ce.

Akwai wadda ke kashe ƙara da kanta. Tana da ɗan makirfo mai ɗaukar ƙarar waje, sai ta haifar da kishiyar wannan ƙara, su soke juna. Tana aiki sosai kan rurin inji, na jirgin sama ko na babbar mota, amma ba ta iya kashe surutun mutane duka. Matafiyi daga Tawa zuwa Yamai zai amfana da ita.

Mara igiya tana da batiri, dole a riƙa cika shi, yana kuma raunana da shekaru. Inda wutar kuran ba ta tabbata ba, mai igiya ta fi kwanciyar hankali. A duba kuma lambar da ke jikin kwali: mai om 16 zuwa 32 ta dace da salula, mai 250 ko 600 kuwa an yi ta ne domin manyan kayan gidan rediyo, salula ba ta da ƙarfin tura ta.

Lafiyar kunne

Wannan shi ne babban zance. A can cikin kunne akwai ƙananan ƙwayoyi masu gashi da ke karɓar sauti. Ƙara mai tsanani tana kashe su, kuma in sun mutu ba su sake tsirowa. A 2015 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, watau OMS, ta bayyana cewa matasa fiye da miliyan dubu ɗaya suna cikin haɗarin rasa jinsu saboda saurare da ƙarfi.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hira tsakanin mutum biyu tana kai kamar 60. Bisa ƙa'idar OMS, babba na iya sauraren desibel 80 har awa 40 cikin mako. Amma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: a 83 awa 20, a 86 awa 10, a 89 awa 5 kaɗai. Ƙungiyar ta ba da shawara kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin na'ura. In na kusa yana magana ba a jinsa, ko kunne yana ƙugi bayan an cire ta, to an wuce iyaka. Mai tuƙa mota da ɗan kabu-kabu kuwa, kada su toshe kunne bisa hanya, domin ƙahon mota ceton rai ne.

Kafin a biya kuɗi, mai saye ya gwada na'urar da waƙar da ya sani sarai, ya bar ta a kunne ƴan mintoci don ya ji ko tana matsa. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce. Na'ura in ta lalace, akwai wata a kasuwa. Ji kuwa in ya tafi, babu kasuwar da ake sayo shi. Uwaye da malamai su isar da wannan ga yara, domin rigakafi ya fi magani.