Lambobi “ƙi-rabo” da “gagara-aljabara”: shawara kan kalmomi biyu na lissafi

1. Gabatarwa

Tun 1973, da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, ake koyar da lissafi da Hausa a Nijar, amma kalmomin zurfin fannin ba su zauna ba tukuna. Wannan ƴar maƙala za ta duba biyu daga ciki: irrationnel da transcendant. Fassarar kai-tsaye, wato “marar hankali” da “maɗaukaki”, ɓad da ɗalibi take yi. Kafin mu raɗa suna, bari mu ga abin da ake nufi.

2. Misali

A ce masunci ya kamo kifi 12 a tabkin Madarumfa. Yana iya kasa su daidai wa daida kashi 1, 2, 3, 4, 6 ko 12. Ke nan 12 tana da masu raba ta guda 6, jimillarsu kuwa 28.

Mu yi wa kowace lamba wannan ƙidaya, tun daga 1, mu raba sakamakon farko da 2, na biyu da 4, na uku da 8, har ba iyaka, sannan mu tara. In yawan masu rabawa muka ɗauka:

A = 1/2 + 2/4 + 2/8 + 3/16 + … = 1,6066…

In kuwa jimillarsu ce:

B = 1/2 + 3/4 + 4/8 + 7/16 + … = 2,7440…

3. Bambancin

A 1948 Paul Erdős ya tabbatar cewa A ba ta rubutuwa a matsayin cikakkiyar lamba bisa wata, kamar 3/4. Wannan shi ne irrationnel. Asalinsa ratio ce ta Latin, da ma'anar rabo. Amma √2 ma haka take, alhali ƙaramin ma'auni, x² = 2, ya kama ta.

Transcendant ta wuce nan: babu ma'aunin aljabara irin wannan, mai cikakkun lambobi, da take warwarewa, komai tsawonsa. Hermite ya nuna haka ga e a 1873, Lindemann ga π a 1882. Daga aikin Yuri Nesterenko na 1996 kan jerin Ramanujan aka san B ma tana cikinsu. A kuwa, duk da kamarta da B, har yau masana ba su yanke mata hukunci ba. Da kalma guda muke da ita, da ba mu iya faɗin wannan bambanci ba.

4. Shawara

Hausa na da harɗaɗɗun sunaye masu ginin aikatau + suna, irin su ƙi-faɗi da gagara-gasa. Bisa wannan tsari muke ba da shawarar ƙi-rabo a madadin irrationnel, da gagara-aljabara a madadin transcendant. Sai a ce: kowace gagara-aljabara ƙi-rabo ce, amma ba kowace ƙi-rabo ce gagara-aljabara ba. Saura malaman lissafi su gwada su a aji, mu ji ko bakin ɗalibai ya karɓa.