CHASSELAY: ƘAUYEN FARANSA DA YA RIƘE AMANAR SOJOJIN AFIRKA

Duk matafiyin da ya bar birnin Liyon na ƙasar Faransa ya nufi arewa maso yamma, kafin ya ci kilomita 20 zai tarar da wani abin da ba ya zaton gani a ƙasar Turai. Can a tsakiyar gonaki akwai wata jar katanga mai zankwaye, an gina ta bisa fasalin ginin ƙasa irin na Mali, har mutum ya ce daga Tambutu aka ciro ta. Wannan kuwa ita ce maƙabartar Tata, a gefen ƙauyen Chasselay, wanda Faransawa ke furtawa "Shasle".

Shi dai ƙauyen yana gindin wasu duwatsu da ake kira Monts d'Or, watau Duwatsun Zinariya, cikin lardin Rhône. Kogin Saône yana gabas da shi, gonakin inabin Beaujolais kuma suna arewa. Mutanensa ba su fi dubu uku ba, kuma an san su da noman wani ɗan itace dangin tuffa da suke kira "puwar". Tsohon gari ne, wanda a zamanin da yake kewaye da ganuwa. Amma abin da ya sa sunansa cikin tarihi shi ne zamansa kusa da babbar hanyar da ta taso daga Paris zuwa Liyon. Zama bakin hanya kuwa, alheri da sharri duk ta ƙofarka suke bi.

A watan Yuni na 1940, cikin Yaƙin Duniya na Biyu wanda dattawanmu ke kira Yaƙin Hitila, rundunar Jamus ta kwararo kudu bayan ta kama Paris. Ran 17 ga wata Mashal Pétain ya yi jawabi ta rediyo cewa lokacin daina faɗa ya yi, kashegari aka shelanta ba za a kare Liyon ba. Duk da haka aka umarci runduna ta 25 ta sojojin da ake kira "Tirayo na Sanagal" ta tare hanya a arewacin birnin. Kada sunan ya ruɗi mai karatu. Tun da Gwamna Faidherbe ya kafa irin wannan runduna a 1857, a hankali aka riƙa ɗibar samari daga dukkan ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ta mallaka: Sanagal, Mali, Gini, Kwaddibuwa, Binin, Burkina Faso, har da maƙwabciyarmu Nijar.

Ran 19 ga Yuni aka gwabza a Montluzin, wani gidan mata masu ibada na ɗarikar Katolika da ke gefen ƙauyen. Sojojin Afirka suka tsaya har Jamusawa suka fi ƙarfinsu. Kashegari, 20 ga wata, sauran da suka ja daga a gidan Plantin ƙarƙashin Kyaftin Gouzy suka yi ta faɗa har harsashi ya ƙare, sa'an nan suka miƙa wuya.

Dokar yaƙi ta ce wanda ya ajiye makami ransa ya tsira. Amma aƙidar Hitila ba ta ɗauki baƙar fata bakin komai ba. Aka tasa fursunonin zuwa wani fili da ake kira Vide-Sac, aka ware Turawa gefe guda, aka ce wa baƙaƙe su shiga gona. Nan tankokin yaƙi suka buɗe masu wuta, suka kuma bi ta kan waɗanda suka faɗi. Wajen mutum 50 suka halaka a wurin. Kwana biyu kacal bayan haka, ran 22 ga Yuni, Faransa ta sa hannu a takardar tsagaita wuta.

To, a nan ne halin mutanen Chasselay ya fito fili. Jamusawa sun hana a binne gawawwakin, amma manoman ƙauyen suka ƙi bin wannan umarni. Suka haƙa dogon rami suka rufe su, bayan sun tattara takardu da lambobin da ke jikinsu domin kada sunayensu su ɓace. Wata mai shagon sayar da magani, Henriette Morin, ta yi jinyar waɗanda suka ji rauni. Waɗannan mutane ba su jin harshen mamatan, galibi ma addininsu ba ɗaya ba ne, amma sun san cewa baƙon da ya mutu a bakin ƙofarka yana kare ka, hakkinsa yana wuyanka.

Bayan ƙura ta lafa, wani jami'in ofishin tsofaffin sojoji na lardin, Jean Marchiani, ya sayi filin, ya sa aka tono gawawwakin sojojin Afirka da aka kashe a ƙauyukan yankin, aka haɗa su wuri guda. Ran 8 ga Nuwamba, 1942, aka buɗe maƙabartar, har aka zuba ƙasar da aka ɗauko daga Dakar. Kalmar "tata" kuwa a Afirka ta Yamma tana nufin ganuwa. Sojojin Afirka ta Yamma 188 ne ke kwance a ciki, tare da 6 daga Afirka ta Arewa da wasu 2 na rundunar baƙi 'yan ƙasashen waje. A 1966 gwamnatin Faransa ta mai da wurin maƙabartar ƙasa.

Gaskiya dai ba ta tsufa. Shekaru da yawa ana ɗora laifin kisan Vide-Sac a kan rundunar SS ta 'yan-gani-kashe-nin Hitila. Sai a 2019 aka samu hotuna takwas da wani sojan Jamus ya ɗauka a ranar, waɗanda suka nuna cewa tankokin runduna ta 10 ta sojan Jamus na ainihi ne suka yi ta'asar. A 2022 kuma aka kafa alluna ɗauke da sunayen sojoji 25 da bincike ya gano. A watan Janairu na 2025 wasu ɓata-gari suka shafa wa kaburburan fenti, abin da hukumomin Faransa suka la'anta.

Har yanzu akwai kaburbura da yawa a Tata waɗanda ba a san sunan mai su ba. Kowane ɗaya ɗan wani gida ne a Afirka, inda uwa ta yi ta duban hanya har ta koma ga Mahaliccinta. Kowace shekara a watan Yuni, mutanen Chasselay da 'yan Afirka mazauna Liyon sukan taru a cikin wannan jar katanga su tuna da su. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.