Mabiyiya da Nauyin Jaririnki

'Yar'uwa, in an yi miki gwajin jini kina da ciki wata bakwai ko takwas, wataƙila ki ga an rubuta PAL a takarda, lambar kuma ta haura. Mata sukan kawo mana takardar nan hankali a tashe, wai an ce hanta ce ta lalace. Yawanci ba haka ba ne. PAL sinadari ne da hanta da ƙashi ke yi, mabiyiya ma tana yin nata, shi ya sa a watannin ƙarshe yakan ninka sau biyu ko uku. Bayan haihuwa da 'yan makonni sai ya sauka da kansa. Amma in tafin hannu da na ƙafa suna miki ƙaiƙayi da dare, ko idonki ya yi rawaya, kada ki jira ranar awo.

Mabiyiya ba ta wuce kusan rabin kilo ba, amma ta nan abinci da iska ke bi su kai ga ɗanki. Tana da wani sinadari mai gadin ƙofa, wanda ke karya ƙarfin kotisol, abin da jikinki ke fitarwa lokacin wahala da damuwa. Likitoci sun lura cewa inda mai gadin nan ya yi rauni, akan haifi jariri ƙarami.

Mu nan Farcha, bakin kogin Shari, abin da ya fi cutar da mabiyiya shi ne zazzaɓin cizon sauro, balle da damina. Ƙwayar cutar takan ɓuya a cikinta, ke kuwa garau kina daka, ko zazzaɓi babu. Sai ranar haihuwa a ɗora jariri a sikeli, bai kai kilo 2 da rabi ba. Irin wannan jariri sanyi na saurin kama shi, tsotso ma da ƙyar. Mai cikin fari ta fi shiga haɗarin nan.

Don haka ake ba ki Fansidar, ƙwaya 3, daga wata na huɗu, da tazarar wata guda, aƙalla sau 3. Ki sha a gabanmu. Na sha ganin ƙwayoyin ƙulle a bakin zane har sun narke. Ki kwana cikin gidan sauro.

In haihuwa ta zo miki a gida, kada a ja cibiya. Mabiyiya ta kai awa guda ba ta fita ba, ko jini na zuba, a kawo ki nan take. In ta fita, a bari ungozoma ta duba ko cikakkiya ce kafin a binne.