Abin da Masara ke Ɓoyewa

A hutun da ya wuce na lura a garinmu Geza, cikin ƙasar Bagudo, gidaje da yawa tuwon masara ake ci da dare, da safe kuma ɗumamensa ko koko. Masara tana da auki, ba a kuwa rasa ta a kasuwanninmu na bakin iyakar Benin. Amma akwai abin da muka koya a aji wanda ya kamata iyayenmu su ji.

Akwai wani sinadari cikin abinci da ake kira nayasin, watau bitamin B3. Aikinsa shi ne taimakon jiki ya mai da abinci ƙarfi, ya kuma kiyaye fata da ciki da ƙwaƙwalwa. Kaɗan ake bukata, miligiram 16 a rana ga namiji babba, 14 ga mace. In aka daɗe ba a samu ba, sai cutar felagira ta kama mutum. Fatar wuya da bayan hannu, inda rana ke bugu, ta yi baƙi da kaushi tana saɓa. Sai zawo. In ta yi nisa hankali ya rikice, har a ce aljanu ne. Takan yi kisa.

To, masara tana da nayasin, amma a ɗaure yake, ciki ba ya iya cire shi. Mutanen Meksiko, inda masara ta samo asali, sukan dafa ta da ruwan toka ko farar ƙasa kafin su niƙa, wannan ke kwance shi. Turawa suka ɗauki irin suka bar dabarar, sai cutar ta addabi talakawan Sifen da Italiya, daga baya jihohin kudu na Amurka. A can aka zaci ɗaukarta ake yi, sai da likita Joseph Goldberger, wanda ya fara bincike a 1914, ya nuna laifin abinci ne. A 1937 aka gano nayasin ne maganin.

Mu kuwa maganin yana ƙofar gida. Gyaɗa tana da shi da yawa, har ƙuli-ƙulin nan da muke rainawa. Ga kifin kogin Kwara, ɗanye ko busasshe, ga hanta da naman kaza da wake. Nono da ƙwai ba su da shi sosai, amma jiki kan haɗa nasa daga gare su. Abin da ke ba ni haushi shi ne a noma gyaɗa a kai ta kasuwa duka, yara su kwana da tuwo da miyar kuka tsura. Nan makaranta ma akwai masu ba da kifinsu don a ƙara musu malmala. Ni ma na yi haka ina aji ɗaya.